Sifirin Ɗin da Ya Halarci Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Nasiru a Kafin Hausa ba, kuma ko da na so in manta, akwai wani hoto a falon mahaifiyarmu da ba zai bar ni ba. A cikin hoton kowa ya ɗaga hannu ana shafa fatiha, ni ma na ɗaga nawa, sai dai a kan cinyata akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsatsa, zaune daram a kan farar shadda. Duk baƙon da ya lura da shi sai ya tambaya. Hajiya kuwa amsarta ɗaya ce, a tambayi mai shi. To ni ne mai shi, kuma gara in ba da labarin sau ɗaya in huta.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, irin waɗanda ke ɗaukar fayil daga wannan tebur su kai wancan. Bayan shekara bakwai ina fama da babur, Allah ya hore mini mota, 'yar Kwatano, ruwan toka, lafiyarta ƙalau. Ba ta taɓa tsaya mini a hanya ba, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi. Laifinta ɗaya ne, ta yi kama da motar kowa. In na ajiye ta a bakin ofis, sai na danna makulli ta yi ƙara sannan in gane wacce ce tawa.

Sai waya ta shiga tsakaninmu. Na fara kallon bidiyon motocin da aka sauke su ƙasa-ƙasa, cikinsu kamar zai shafi kwalta, taya ta shige cikin jiki babu ko tazarar yatsa. Mako biyu ina kallo, a na uku na tabbatar wa kaina cewa abin da ya rage mini a rayuwa ke nan. (Ban tsaya na lura da irin titin da waɗancan motoci ke bi ba. Ban kuma lura cewa babu mai ɗaukar dattawa uku da buhun shinkafa a cikinsu ba.)

Na kai ta wurin Malam Sabo, bakaniken da ke duba mini ita tun ranar da na saya. Ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya miƙo mini wayata, ya ce ana yi, amma ba da garaje ba. Akwai gajerun sifirin, wato murɗaɗɗun ƙarafan da jikin mota ke zaune a kansu, da aka ƙera don haka, su da shokazobarsu suke zuwa, sai an aika Kano an jira. Na ce ai hanya mai sauƙi ita ce a yanke waɗanda ke jiki. Nan ya ajiye sifana ya yi mini karatu. Ya ce sifirin in an yanke shi tauri yake ƙarawa, shokazoba kuma da tsawon asali aka auna ta, in mota ta sauka ba ta da sauran wurin motsi, sai nauyin duka ya koma kan 'yar robar da aka sa don ranar da aka faɗa babban rami. Ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Na yi masa godiya irin ta wanda ya riga ya gama shawara, na fita ina cewa a raina tsofaffin makanikai ba sa son ci gaba.

A bayan kasuwa na sami wani mai walda da ake kira Injiniya (ban taɓa jin wanda ya nemi ganin takardarsa ba). Shi bai yi mini karatu ba. Ya tambaye ni zagaye nawa za a cire daga kowane sifirin, na ce shi me ya gani, ya ce ɗaya ya isa. Na ce a yi biyu. Kafin la'asar ya gama, na ƙara da manyan rim da siraran tayoyi, na ja baya na tsaya ina kallonta kamar yau na fara ganinta.

A cikin gari kuwa abin sai wanda ya gani. Manyan titunan Dutse a shimfiɗe suke, ni kuma ba na wuce arba'in, don kowa ya samu ya kalla. Masu adaidaita suna leƙowa, masu gadin ofis suna ɗaga mini hannu tun daga nesa. Duk wanda ya tambaya sai in ce haka aka ƙero ta, irin ta tsere ce, ba kasafai ake shigo da su ba. Na faɗa na faɗa har ni ma na fara yarda. Tudun rage gudu ne kawai ke ba ni wahala, shi ma na koyi haye shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ina yi kamar salo ne.

Ranar da ofis ya aike ni Kiyawa ne na fara taka ta a babban titi. Ina kai tamanin motar ta canza hali. Duk ɗan facin kwalta sai in ji dum a ƙarƙashin kujera, duk gaɓar gada sai haƙorana su haɗu. Inda titi ya ɗan lotsa ya taso, maimakon ta bi shi a hankali kamar yadda ta saba, sai ta yi tsalle, ta ƙara wani, ta ƙara na uku kafin ta natsu. Fayil ɗin da na ajiye a kujerar baya a ƙasa ya isa Kiyawa, takardu a warwatse. Na fito ƙuguna yana ciwo, na gyara tafiya don kada a gane.

Mai hankali zai ce, mota tana lafiya, an taɓa abu ɗaya, ta lalace, to a duba abin da aka taɓa. Ni ban bi wannan hanyar ba, don na san inda za ta kai ni. Da titi na fara, na zagi 'yan kwangila son raina, sai na tuna watan da ya wuce na bi titin nan ina jin rediyo ko gezau. Na koma kan iskar taya. Mai faci ya auna ya ce ta yi yawa, ya rage, motar ta yi laushi na kwana ɗaya, ko kuma ni ne na so in ji haka. Na je aka yi balansin. Na je aka yi alaimen, wato saitin tayoyi, mai alaimen ɗin ya shafa gefen tayoyin ta ciki ya ce sun fara cinyewa, ya ɗago ya tambaye ni ko an taɓa ƙafafun motar nan. Na ce ko kusa. Ya ce to, ya ja "to" ɗin fiye da yadda ya kamata. Daga ƙarshe har fulogi na canza, na kuma canza gidan mai, abin da ko ni na san ba shi da haɗi da tsalle. Garejin Malam Sabo ne kaɗai ban je ba. In hanya ta biyo da ni ta layinsu sai in zagaya.

Ana cikin haka bikin Nasiru ya taso. Shekara biyu yana neman yarinyar, kuma ba ita ce mai wuyar ba, mahaifinta ne. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya amma agogonsa bai yi ba. An ba mu labarin yadda ya taɓa ɗaga ɗaurin auren babbar 'yarsa da mako guda saboda dangin ango sun makara, ya sa aka naɗe tabarmi a gaban jama'a. Dangin angon suka yi fushi, maganar ta watse gaba ɗaya. Mu kuwa ranar sa rana ya faɗa wa mutanenmu ƙarfe sha ɗaya na safe a ƙofar gidansa, ya maimaita sau biyu. Tun daga ranar Nasiru ba shi da zance sai sha ɗayan nan.

Wakilin ango shi ne Baffa, ƙanin marigayi mahaifinmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. In babu shi a wurin babu mai karɓar aure, sadakin ma a aljihunsa yake. Baffa ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota tsakanin Arewa da Kudu kafin ya dawo gida ya kama noma, kuma ba mai yawan magana ba ne. An shirya zai shiga bas ɗin abokan ango. Ni na tsaya kai da fata cewa bai dace wakili ya sauka daga bas ba alhali yayan ango yana da mota. Kowa ya yaba mini, har Hajiya ta sa mini albarka. Gaskiyar magana kuwa so nake mutanen Kafin Hausa su ga motar, na riga na hango kaina ina fitowa ina gyara hula.

Bas ɗin ango ya tashi ƙarfe takwas. Mu muka tsaya karɓo goro da alawa da dabino, ba mu tashi ba sai tara, na ce kada kowa ya damu, kafin goma da rabi muna can. Baffa a gaba. A baya Kawu, yayan Hajiya, mutum ne da Allah ya yi wa jiki, sai Malam Liman na unguwarmu da rawaninsa. A but ga kayan ɗaurin aure, ga kuma buhun shinkafa biyu da Hajiya ta ce a sauke wa wata aminiyarta tunda ga mota. Kafin ya shiga, Baffa ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya wajen tayar baya, ya kai yatsa tsakaninta da jikin motar. Yatsan bai shiga ba. Ya tambaye ni ko haka take. Na ce haka aka ƙero ta, Baffa. Ya dube ni, ya yi bisimilla ya shiga.

Da wannan nauyin, ɗan wurin motsin da ya rage mata ma ya ƙare. Muna fita gari na taka, muka hau facin kwalta na farko, rawanin Malam Liman ya daki rufin mota ya zamo masa kan ido. Kawu ya yi salati ya kama kujerata da hannu biyu. Na ce ai titin nan ya lalace, gwamnati ta manta da shi. Ban rufe baki ba wata tsohuwar motar haya cike da mutane da kaji ta wuce mu sumul, direban ya saki hannu ɗaya a waje yana shan iska.

Baffa bai ɗaga murya ba. Tambayoyi ya fara, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai hira. Ya ce sitiyari yana rawa a hannuna? Na ce a'a. Ya ce to ba balansin ba ne. Ya ce in ɗan sassauta riƙo ya gani, na sassauta, motar ta tafi sak, ya ce ba alaimen ba ne. Ya sa na cire giya na bar ta ta gangara, tsallen bai ragu ba, ya ce to a ƙyale inji da mai, ba ruwansu. Ya sa na taka birki a hankali, babu kakkarwa. Duk abin da na kwashe mako uku ina bi daga wannan rumfa zuwa waccan, Baffa ya share shi tsakanin Dutse da Kiyawa, bai ko motsa daga kujera ba. Sannan ya rufe ido ya jira, har muka taka wata gaɓar kwalta, aka ji dum.

"Wannan ba sifirin ke amsawa ba," in ji shi. "Ƙarfe ne ke dukan roba. Motar nan ba ta da wurin sauka. An taɓa mata sifirin?"

Dama ta biyu ke nan da ya ba ni, kuma na san dama ce. Na buɗe baki zan rantse, na tuna Malam Liman yana baya, sai na ce ni dai haka na saye ta. Baffa ya ce to madalla, ya juya yana kallon gonaki.

Mun wuce Kiyawa da kaɗan muka fara jin ƙaurin roba. Malam Liman ne ya fara ji, ya tambaya cikin ladabi ko wani abu ne ke ƙonewa a waje. Ba a waje ba ne. Baffa ya sa na tsaya, muka fito, sai ga tayoyin baya jikin mota ya goge gefensu har sun yi santsi, in ka taɓa sai ka janye hannu. Ya ce in na sake wuce arba'in ɗaya za ta fashe, kuma shi bai shirya komawa ga Allah a hanyar ɗaurin aure ba. Muka sauke buhunan shinkafar muka bar wa wani mai shayi ajiya. Aka mai da Kawu gaba, Baffa ya koma baya, wai a raba nauyi. Kawu ya ce a tsare motar haya kawai. Uku suka wuce, kowace a cike har ƙofa. Ni kuwa ina ta cewa ai yanzu da aka rage kaya komai ya daidaita. Baffa ya duba agogo ya ce mu tafi, tsayuwar ma cin lokaci ce.

Wanda bai taɓa tafiya arba'in a babban titi ba bai san tsawon Jigawa ba. Masu babur suna wuce mu suna waiwaye. Kuma kusan kowane gari da muka ratsa yana da tudunsa na rage gudu, wanda da nauyin dattawa ko a karkace motar ba ta hayewa. Sai in tsaya, su uku su fita, su tattare riguna su tsallaka da ƙafa, in lallaɓa in haye, su dawo su shiga. Tun Malam Liman yana yin bisimilla a kowace shiga har ya koma yin ta a zuci.

Goma da kwata Nasiru ya kira. Ya ce Yaya kuna ina, na ce mun kusa. Goma da rabi ya kira, na ce mun kusa. Sau huɗu na ce mun kusa, a garuruwa huɗu daban-daban. A kira na ƙarshe muryarsa ta canza, ya ce mahaifin amarya ya fito ya zauna, ya cire agogo ya ajiye a gabansa. Nan ne na ji tsoro na gaske. Amma ko a lokacin, Allah ya sani, wani sashe na zuciyata yana lissafin yadda motar za ta fito in mun isa.

Sha ɗaya ta wuce da kusan rabin awa muka shiga layin gidan. Ga rumfa can gaba, ga jama'a maƙil. Tsakaninmu da su bai fi taku talatin ba, sai dai akwai tudu guda ɗaya, ba irin na gwamnati ba. Mutanen unguwa ne suka gina shi da kansu da siminti saboda masu babur, kuma da gani ka san ransu a ɓace yake ranar da suka yi shi. Baffa ya ce in tsaya su sauka su ƙarasa da ƙafa.

A nan ne wautata ta cika. Na ga idanu sun juyo, na ga abin da na yi wata biyu ina jira, na ce a raina ba za a ga dattawa suna fita daga motata kamar ta lalace ba. Na ce Baffa bari, wannan za ta haye. Na karkata sitiyari, na ba ta wuta kaɗan. Tayoyin gaba suka haye. Sai aka ji wata doguwar ƙara, salansa, bututun hayaƙin motar, yana gurzar siminti, motar ta tsaya cak. Na ƙara wuta, tayoyi suna juyawa, ƙura tana tashi, ita kuwa ta zauna a kan tudun kamar kaza a kan ƙwai.

Dattawan suka fita da ƙyar. Malam Hedimasta ya taso daga rumfa, dogo ne siriri, agogonsa a hannu. Ya yi mana sannu da zuwa, sannan ya faɗi lokaci har da mintinsa. Ya ce shi ba ya magana biyu, kowa a garin nan ya sani, ya juya ya ce a fara naɗe tabarmi. Na hango Nasiru a bayan abokansa, ya cire hula ya riƙe a hannu, bai ko kalli inda nake ba.

Sai Baffa ya durƙusa. A kan ƙasa, da sabuwar babbar rigarsa, a gaban mutumin da ba zai girme shi ba. Tun da nake ban taɓa ganin gwiwar Baffa a ƙasa ba sai a salla.

"Malam, laifina ne," in ji shi. "Yaron da ke neman 'yarka tun kafin goma yake nan. Ni na makara. Shekara talatin ina tuƙi, na ga motar nan tun a Dutse na san ba za ta kai mu a kan lokaci ba, na kuma shiga. In hukunci ne a yi mini, kada a yi masa."

Bai ambace ni ba, bai ko nuna ni da ido ba. Na ji kamar in nutse. Ashe tun daga yatsan nan da bai shiga ba ya san komai, ya shiga ne don kada ya ƙaryata ni a ƙofar gida, ya yi ta ba ni hanya in faɗa da bakina ina toshewa.

Ana haka wasu majiya ƙarfi suka taru a bayan motar, don ta tare layi. Suka ce ɗaya, biyu, uku, suka ɗaga. Da nauyi ya bar tayoyin baya sai suka sauko, sifirin ɗin da aka gajarta kuwa ba shi da tsawon da zai riƙe mazauninsa. Na dama ya zame, ya faɗo, ya yi ƙara a kan siminti, ya mirgino fili ya tsaya. Kowa ya zuba masa ido. Duk jikinsa tsatsa, amma bakin da aka yanke yana nan a fili, ko makaho ya shafa zai san aikin mai walda ne. Suka tura motar gefe suka sauke, ta zauna a karkace, ɓangare ɗaya a ƙasa.

Ba jarumtaka ba ce ta sa na yi magana, shaida ce ta riga ni fitowa. Na je na ɗauki sifirin ɗin, na durƙusa kusa da Baffa, na ce ni na sa aka yanke, zagaye biyu, mai waldar ma ɗaya ya ce. Na ce bakanikena ya hana ni na ƙi ji, Baffa ya tambaye ni sau biyu a yau na yi masa ƙarya, kuma an so ya shiga bas ni na hana. Malam Hedimasta ya karɓi ƙarfen, ya juya shi, ya duba bakin kamar mai duba aikin gida.

"Don me ka yanke?"

"Don ta yi kyau, Malam."

Jama'a duka suka juya suka kalli motar. Kawu ne ya fara dariya, irin wadda ake ƙoƙarin dannewa ta ƙi, daga nan ta bazu har cikin rumfa. Malam Hedimasta bai yi ba. Ya sunkuya ya kama hannun Baffa ya tashe shi, ya kakkaɓe masa riga da kansa. Ya ce a makarantarsa in mai laifi ya fito ya faɗi gaskiya ba a dukan sauran 'yan aji. Ya ce a mai da tabarmi. Sannan ya miƙo mini sifirin ɗin.

"Riƙe kayanka. Ka zauna a gaba inda zan riƙa ganinka, kada ka ajiye sai an shafa."

Haka na zauna a sahun farko, tsakanin manyan gari, da ƙarfe a cinya. Baffa ya nemi aure aka ba shi, ya miƙa sadaki, aka yi siga, shaidu suka shaida. Sanƙira yana zagayawa yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina ya ce ga yayan ango mai sifirin, Allah ya mayar wa mota da tsawonta, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Mai hoto kuma ya zaɓi wannan lokacin. Sunan bai tsaya a Kafin Hausa ba, kafin Litinin ya riga ni zuwa ofis.

A bas muka dawo, bas ɗin da na ce bai dace da wakili ba. Baffa ya jingina ya yi barcinsa har Dutse, sai da muka tsaya ɗaukar shinkafar Hajiya wurin mai shayi ya ɗan buɗe ido (aminiyar tata ba ta ga ko ƙwaya ba sai bayan wata guda). Nasiru ya yi mako biyu ba ya ɗaga wayata, kuma ban ga laifinsa ba. Matarsa ce ta shirya mu, ta ce mahaifinta har yanzu yana tambayar lafiyata, wai ni kaɗai ne a danginmu ya tabbatar ba zai manta fuskata ba.

Motar kuwa a bayan wata babbar mota ta dawo gida, na kai ta wurin Malam Sabo. Na shirya jin "ai na faɗa maka", har na tanadi fuskar da zan karɓe shi da ita. Bai faɗa ba. Ya karɓi sifirin ɗin ya auna shi da tafin hannu, ya ce a nemo huɗu masu tsawon asali, da shokazoba huɗu don waɗannan sun mutu, da salansa, da tayoyin baya. Manyan rim ɗin ma na mayar da na da. Ranar da na karɓe ta na bi titin Kiyawa a tamanin, ban ji komai ba sai rediyo. Ashe 'yan kwangila ba su yi mini laifi ba.

Baffa bai taɓa tayar da maganar ba. Sai bayan shekara, da matar Nasiru ta haihu, na je ɗaukarsa zuwa suna. Ya fito, ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya wajen tayar baya ya kai hannu. Yatsu huɗu suka shige.

"Haka aka ƙero ta?"

"Haka aka ƙero ta, Baffa."

Ya yi bisimilla ya shiga. Mun isa da sauran awa guda, muka zauna a ƙofar gidan Malam Hedimasta muna jiran a shimfiɗa tabarmi.

Yanzu in abu ya fara tsalle bayan na taɓa shi, ko mota ce ko fayil ko zumunci, daga inda hannuna ya taɓa nake fara bincike, ya fi sauri kuma ba ya kai gwiwar kowa ƙasa. Motata ta koma kama da ta kowa, sai na danna makulli nake gane ta, kuma ban taɓa jin daɗin ƙarar nan kamar yanzu ba. Wanda kuma ya ga lallai sai ya yi ƙarya a kan mota, shawarata ɗaya ce, kada ya ba tsohon direba kujerar gaba.